Ba Wayar Ba, Hannuna

Tun da muka gudo daga Mubi zuwa Yolde Pate, hannun Baba bai daina rawa ba. Ran nan yana gyaran tsohuwar kwamfutar Malama Rifkatu, sukudireba ta zame masa, ta yanke wani siririn layin tagulla a koren allon da ke ciki. A kai Malama ta ɗauko kwamfutar daga Michika, saboda hotunan mijinta da ya ɓata.

Tana zaune bakin ƙofa, ba ta sani ba.

"Malam, lafiya dai?"

"Saura kaɗan, Madam."

Babu wutar lantarki, sai ya gasa ƙarfen dalma a garwashi, ya zaro silin waya kamar gashi don ya haɗa layin. Ya kai hannu, ya janye. Na miƙa yatsu zan riƙe wayar.

"Ba wayar ba, uwata," ya ce ƙasa-ƙasa. "Hannuna za ki riƙe."

Na kama wuyan hannunsa, jijiyarsa tana bugawa a tafina. Dalma ta narke, ta zauna.

Da maƙwabci ya tada janareto, fuskar mijin ta bayyana a kwamfutar yana dariya. Har yau ƙaurin dalma yakan dawo mini da bugun nan a tafina.