Wendell da Birkin Tirelarsa

Shekara talatin da ɗaya Wendell yana kiwon shanu a tsaunukan Wyoming ta ƙasar Amurka, bai taɓa yarda wani ya sa hannu a motarsa ba. Ƙatuwar a-kori-kura ce, da ita yake jan tirelar shanu. Da kaka ta kama, sai na'urar birkin tirelar ta mutu. Ita ce ke sa ƙafafun tirela su kama duk lokacin da direba ya taka birki. Wendell ya sayo sabuwa, ya kwanta ƙarƙashin mota ya ɗaura da kansa.

Ya tayar da mota, fitilar gargaɗin birki da ke gaban direba ba ta mutu ba.

A shagon shan kofi ya tarar da Arlis bakanike, abokinsa tun suna firamare.

"Ɗaurawa ai rabin aiki ne," in ji Arlis. "Sai an haɗa ta da kwamfuta motar ta san da zamanta. In ba haka ba, dutse ka ɗaura. Kawo ta gareji, kafin kofinka ya huce na gama."

"Kai da ko taya ba ka kwancewa sai ka tambayi kwamfuta? Ubana ya sauko da shanu daga tsaunin nan babu waya ko ɗaya."

"Ubanka a kan doki ya sauko, tsohon banza. Doki kuwa da birkinsa aka haife shi."

Aka kwashe da dariya. Wendell ya danna hularsa ya fice. Yana isa gida ya yanki baƙin salatif ya liƙe fitilar.

Ranar Laraba aka ce dusar ƙanƙara na tafe, dole a sauko da dabbobi daga makiyayar kan tsauni. Ya loda karsana goma sha huɗu, zaɓaɓɓu, jinin garken da ya gada, waɗanda yake sa ran su haifa masa garken gaba.

Matarsa Lorna ta tsaya a bakin shinge. "Ka gwada birkin nan a fili, tirela ba kaya?"

"Da hannuna na ɗaura."

"Ba shi na tambaye ka ba."

"To shiga mu tafi, ko ki taka da ƙafa."

"Ba na shiga. Zan biyo ka a ƙaramar mota."

Gangarar mil shida ce. A kwanar farko ya ji tirela na tura shi ta baya. A ta biyu birkin motar ya ɗauki zafi, warin ƙuna ya cika masa hanci, gama shi kaɗai ke riƙe da nauyin da ya ninka na motar. A ta uku ya taka har ƙasa, babu abin da ya kama. Tirela ta wulwulo gefe, ta fizgi motar, suka kife cikin kwari.

Lorna ta same shi sitiyari ya danne masa ƙugu, yana ta ihu: "Na'urar banza suka sayar mini!"

Ta kira motar asibiti, sannan ta leƙa tirela. Biyar sun fito da ƙafafunsu. Sauran suna kwance a kakkarye, suna kuka. Ta zaro bindiga daga bayan kujerar motarta don ta hutar da su.

"Ba ni nan," in ji Wendell. "Shanuna ne."

"Tashi ka karɓa."

Bai iya ba, kuma bai sake tsayawa da ƙafafunsa ba har yau. Yana kwance ya ji ƙarar harbin farko.

Jama'a, iya ɗaura ƙarfe ba shi ne sanin aiki ba. In mota ta yi maka gargaɗi, masani ya yi maka, ka sauke girman kai ka kai ta a duba kafin ka ɗora mata rai. Gangara ba ta tambayar shekara nawa ka yi kana tuƙi.