Majinyaci Mai Lamba Bakwai

Ƙarfe biyu da kwata na ranar Laraba allon kwamfutar Imrana ya yi ja. Yana cikin cusa burodi a baki ne, wanda shi ne karin kumallonsa, shi ne kuma abincin rana.

Aikin kamfanin yana da sauƙin faɗi. Asibitoci suna ɗaura wa masu hawan jini wata 'yar na'ura su sallame su gida, ita kuma tana aiko da awon jininsu da bugun zuciyarsu zuwa wannan ofishi da ke saman wani shagon tayoyi a unguwar Rumuokoro ta Fatakwal. In awon wani ya yi ja, wanda ke kan kujera yana da minti goma sha biyar ya kira shi ko danginsa, ya sa a kai shi asibiti. A da mutum uku ke wannan gadi. Yanzu wata biyar ke nan Imrana ne kaɗai, kuma in manhajar ta tsaya shi ne mai gyara.

Ya danna. Jinin mutumin ya kai ɗari da casa'in. Gurbin suna babu komai. Babu lambar waya, babu sunan asibiti, babu unguwa. Sai lamba bakwai kawai.

Wani bawan Allah yana can, ko a kasuwa ko a bayan okada, jijiyar kansa tana shirin fashewa bai sani ba, kuma duk faɗin Fatakwal Imrana kaɗai ya sani. Haka aka ɗauko mahaifin Imrana daga mayanka bara waccan, yana cikin cinikin shanu ya sulale, har yau ɓarin jikinsa na hagu ba ya motsi.

Ya ruga wurin Bashira mai ɗaukar ma'aikata. Masu neman aiki shida ne jere a kan benci, kowa ya sha guga ya rungume takardunsa. Kullum ana ɗauka a kamfanin nan, kullum kuma ofishi fayau, sai ka ce ana tara ruwa a kwando.

"Bashira, wane ne lamba bakwai?"

"Abeg, Imrana, ni da na zo bayanka? Tambayi Oga."

Oga Gwadabe yana Legas wurin masu zuba jari. Kira uku bai ɗauka ba, sai ga saƙo mai kalma biyu: "Handle am," wato ka ji da shi. Da ma amsarsa ke nan ko da gobara aka ce masa ana yi.

Imrana ya duba agogon hannunsa, na kamfani, wanda ya gada tare da kujera da kwamfuta da wani kofin shayi mai tsaga. Minti shida sun tafi. Ya koma ya tarar da awon ya haura ɗari biyu. Ya murza idanunsa don lambobin sun fara zama biyu-biyu, ya tsine wa rashin barci, ya buɗe tsohon bayanin majinyacin ko zai tsinci suna.

Bayanin shekara biyu ne. Jinin mutumin yakan fara lafiya lau, ya yi ta hawa har wata huɗu ko biyar, sai awon ya yanke. A yi kwana goma ko mako biyu shiru. Sannan ya dawo garau kamar na ɗan ƙwallo, ya sake kama hawa daga farko. Sau huɗu ana haka. Babu likitan da ya iya irin wannan warkarwa. Yankewar ƙarshe kuwa ba irin sauran ba ce, don zuciyar sai da ta yi ta tsalle-tsalle ba tsari, ta rage gudu, kafin layin ya kwanta.

Wanda layinsa ya kwanta haka ba ya tashi. Amma ga shi nan a allo yana bugawa.

Tsoro ya kama Imrana sosai. Ya fara Ayatul Kursiyyu ya rasa tsakiyarta. Wa zai tambaya? Duk wanda ya san tarihin manhajar nan ya ajiye aiki ya kama gabansa. Arzika, wanda Imrana ya gaji kujerarsa, an ce ya koma gida Sakkwato. Ya kira lambarsa aka ce a kashe take.

Minti goma sha ɗaya. Awo ɗari biyu da goma.

Ya zazzage durowa a ƙasa. A cikin tarkacen ya sami wata takarda mai sunan Injiniya Tabawa, wadda ta gina manhajar tun farko, yanzu kuma tana da shagon waya a Asata, can Enugu. Ya danna lambar wayarta da ke jikin takardar.

"Anti, ki gafarce ni babu gaisuwa. Imrana ne daga tsohon ofishinku. Lamba bakwai ya yi ja, babu suna, babu waya. Don Allah wane ne? Mutumin nan zai mutu a hannuna."

Sai ta jefo masa tambaya.

"Nawa ya kai?"

"Ɗari biyu da sha biyar."

"Innalillahi. Ba su faɗa maka ba?" in ji ta. "Lamba bakwai ba ta kowane asibiti ba ce. Agogon gwaji ne, duk wanda aka ɗauka a kujerar nan shi ake ba. Ni na fara ɗaura shi, da na ga inda jinina ya dosa na gudu. Biyu da suka biyo bayana ma gudu suka yi. Arzika ya tsaya, kuma daga hannunsa aka kwance shi, don bai koma Sakkwato da ƙafarsa ba. Ƙanena, kada ka tashi da sauri. Ka kira wani ya kai ka asibiti yanzun nan. Kai ne lamba bakwai."