Layi na Huɗu na Sha Bakwai ga Nuwamba

Abla Tafida na cikin gyaran takardun Nuwamba na kalandar baɗi, jan biro a hannu, sai ƙamshin turare ya riga mai shi shigowa maɗaba'ar. Turare ne mai hawa kai, irin wanda ake fesawa don a danne wani wari.

Shekara ashirin da shida ke nan ita ke rubuta bayan kalandar Ustaz Hilmi mai maɗaba'ar, wadda kusan kowane gida a unguwarmu ta Iskandariyya ke ratayewa. Kullum da safe a yage takarda ɗaya, a juya ta, a karanta abin da ya faru a rana irin ta yau. Takardar ba ta kai tafin hannu ba. Layi huɗu take ɗauka, ba ƙari.

Ta sha bakwai ga Nuwamba tana da buɗe mashigin ruwa na Suez, da haihuwar wani mawaƙin Turai da ba mai iya faɗin sunansa, da saukar guguwar da masunta ke kira Tsintsiya. Layi na huɗu kuwa: "Benen Lungun Masu Raga ya rufta, mutum ashirin da bakwai suka rasu."

Albarkacin wannan layin ne matan lungun ke dafa wake su raba da burodi duk shekara, a yi wa mamatan fatiha. Ba su da wani abin tunawa sai shi. Filin benen ma yanzu wurin wankin mota ne.

Mai turaren lauyan Hajji Abdulmaugud ne. Ya dire tiren kunafa, alkakin Larabawa mai ɗigar zuma, a kan takardunta, ya washe baki.

"Hajji na gaisuwa, Abla. Ɗan abu ne. A sa shi cikin waɗanda aka haifa ran sha bakwai. Babban mai taimakon al'umma."

"Wane Hajjin? Wanda likitan gwamnati ya buɗe wa baki ya duba haƙori kamar jaki a kasuwa, kafin ya yanka masa shekaru? Uwarsa ma ba ta san watan ba. A ina ya tsinci rana?"

"An bincika."

"To madalla. Sai mu cire mawaƙin."

"A'a, a bar mawaƙi ya sha iska. Hajji ba ya son zama takarda ɗaya da abin baƙin ciki. Na huɗun za a ɗaga."

Kowa ya san Hajji Abdulmaugud ne ya gina benen. Da yashin teku ya kwaɓa siminti, ya ɗora hawa uku a kan huɗun da aka ba shi izini. Aka je gaban alƙali, aka ɗora wa ruwan sama laifi. Yanzu kujerar majalisa yake nema, cikin kwanaki ɗari uku da sittin da biyar bai ga ranar da ta dace a haife shi ba sai wannan. Ni kaina da nake ba da labarin, tsigar jikina tashi take yi.

Lauyan ya sassauta murya. "Na san akwai zafi, Abla. Allah ya jiƙan naki da suka tafi."

Ta sa bayan biro ta ture tiren gefe, don ko yatsanta ba ta so ya taɓa shi.

Ana haka Ustaz Hilmi ya fito daga ɗakin inji, yana jan ƙafarsa ta hagu kamar kullum. Sai hankalinta ya kwanta. Ta gyara zama tana jiran ta ga an yi waje da mutumin da tirensa.

Lauyan ya maimaita saƙon, ya ƙara da cewa duk hotunan takarar Hajji a nan za a buga su, har da na ratayawa a kan titi. Ustaz Hilmi ya ja kujera. Ya daɗe yana kallon takardar. Sannan ya miƙa hannu ya gutsuri kunafa.

"Tafida, shekara ashirin da shida. Ai ya isa haka. Matattu ba sa sayen kalanda."

"Ustaz Hilmi! Ka ji abin da ya fito daga bakinka?"

"Na ji. Ba ni biron."

"Wallahi ba da hannuna ba."

"Da nawa."

Ya zare biron daga yatsunta ya ja jan layi a kan mutum ashirin da bakwai, zuma na bin takardar tana danƙo. Bai tsaya nan ba. Ya dubi lauyan ya ce "mai taimakon al'umma" ya yi tsawo, a sa "uban marayu", ya fi daɗin karantawa. Suka tuntsire da dariya tare.

Abla Tafida ta miƙe. Ta ɗauki jakarta, ta ajiye makullin durowa a kan tebur, ta fita cikin ruwan sama ko lema ba ta tsaya ɗauka ba. A bakin ƙofa ta tofar da yawu.

Lauyan ya bi ta da kallo yana girgiza kai. "Baiwar Allah, abin ya ci ta. Wa ta rasa a benen?"

"Ita? Ko kyanwa ba ta rasa ba, lokacin ma ba ta garin." Ustaz Hilmi ya lashe yatsa. "Ni ne aka zaƙulo bayan kwana biyu, matata da 'ya'yana mata biyu kuwa gawarsu aka fitar."