Zare a Bangon Rumbu

Shekara hamsin babu wanda ya leƙa rumbuna sai ni. Yanzu doka ta ce ba a ba da tallafin hatsi sai an soka zaren gilashi a bangon rumbu an ga cikinsa.

Ma'aikacin gwamnati ya durƙusa da zarensa, siriri kamar gashi. Matata Tabawa tana tsaye daidai inda hoton zai fito.

Ma'aikacin ya ce, "Baba, in soka?"

Na tare gabansa. "Gidan nan ba ya roƙo."

Rumbun kuwa ko ƙwaya babu, kuma ban gaya wa kowa ba.

Tabawa ta ce, "Malam, ƙyale shi. Ni ke share gindin rumbun nan. Tun watan jiya ɓeraye suka daina zuwa."

Na matsa gefe.