Kallon da Ya Biyo Bayan "A Tsaya"

Ya same ta a ɗakin tace fim, zoben baikonsu na ajiye gefen kwamfuta. Shi ke fitowa a shugaban 'yan fashi a shirin talabijin da take tacewa. Tun makon jiya masu kallo ke ce-ce-ku-ce kan wani kallo da ya yi wa jarumar shirin.

"Haba, masoyiya," ya ce da murmushin yaƙe. "Masu kallo za ki biye wa? Jiya tsine min suke yi, yau sun ɗaura min aure da ita. Aiki ne fa."

Ba ta ɗago ba. Ta kunna ainihin hoton da aka ɗauko, ta ƙara sauti. Muryar darakta ta fito tar: "A tsaya!" Ma'aikata suka fara naɗe wayoyi, shi kuwa idonsa na kan jarumar, ko ƙiftawa babu.

"Aiki ya ƙare a nan," ta ce. "Ni na yanko wurin na saka a shirin, in ji daga bakin masu kallo ko idona ke min gizo."



Ta tura masa zoben da ɗan yatsa. "Ashe ka iya. Shekara uku ina jiran irin wannan kallon."