Makoki a Tafe

Tun da gwamnati ta rushe zaurukanmu ta kwaso mu Sabuwar Unguwa, daɓen titi kan ɗau zafi da zarar mutum uku sun tsaya wuri guda. Wai don hana cunkoso.

Da matar Baba Tanimu ta rasu, a tafe ya karɓi gaisuwa. Muna zagaya layin tare, tabarmi naɗe a hammata.

Ya gaji, ya tsaya. Muka tsaya.

Na ce, "Baba, mu ci gaba, takalminka ya fara narkewa."

"Bar ni, Sallau. Ko addu'a ɗaya a yi mata a zaune."

Ya zauna. Muka watse nesa don daɓen ya huce masa. Ya ɗaga hannu yana roƙo, babu mai cewa amin.