Jirgin da Ke Ratsa Dajin Maradun

Ƙarar jirgin sama ta sa wasu mutum biyu ɗaga kai daga gindin tsamiya, a sansanin 'yan bindiga da ke dajin Maradun.

"Alhaji, wanga ina za shi?" in ji Jatau.

Alhaji Sadi, mai fataucin shanu a Talata Mafara, ya gyara ƙafarsa da igiya ta ci. "Daga Sakkwato ya taso, Abuja za shi. Kamar awa guda ce. A mota kuwa sai ka wuni."

"Awa guda!" Jatau ya girgiza kai. "Garinmu Janbako na bayan dutsen can. Da ƙafa ma kafin la'asar na isa. Amma damina uku ke nan ban ga ɗiyata Indo ba. Tana rarrafe na baro ta."

"Ba ka taɓa gwada gudu ba?"

"Ranar da suka ɗauko ni daga gona, sai da suka nuna mini sun san ƙofar gidanmu. In na gudu, can za su fara."

Tausayi ya kama Alhaji. Shi yau za a sake shi, 'yan uwansa na jira a hanyar Bakura.

"Don Allah in ka samu mai zuwa Janbako, a shaida ma Indo babanta na da rai," in ji Jatau. "Amma kada a faɗa mata aikin da nike yi."

Ya durƙusa ya kwance wa Alhaji igiyar, sannan ya rataya bindigarsa a kafaɗa.

"Tashi, Alhaji. An ce in raka ka bakin hanya."